Gurbin Tele a Bangon Bahago

Sunansa na yanka Seydou, amma in ka shiga tsohon garin Agadas kana cigiyar Seydou magini sai a yi ta kallonka. Ka ce Bahago, nan take a nuna maka lungun. Da hannun hagu yake yaɓe tun yana bin ubansa wurin aiki, uban ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale shi. Masu lura sun ce ko bango ɗari aka jera za su ware nasa, domin shatin yatsunsa wata fuska yake kwantawa daban da na sauran magina. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana kwaɓa jar ƙasa, yana jera tubali, yana ɗora azarar goruba. Ya ga farin saba'in da uku yana saurayi, lokacin da makiyaya suka sauko daga duwatsun Abzin da ƙafa, babu raƙumi babu akuya. Ya ga na tamanin da huɗu yana da mata da ƴaƴa biyu, Mamman da Zeinabou. Bai taɓa yin arziki ba, bai kuma taɓa shan wahalar da ta fi ta maƙwabtansa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai son shayi da kallon kokowa, wanda in ya wuce tsohon gini sai ya ɗora tafinsa a kai kamar mai gaishe da dattijo.

Shekarar dubu biyu da goma ta same shi yana da shekara sittin, aiki kuma ya ja baya. Daminar da ta wuce ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ruwan da ya zo, a rana guda ya zo, ƙorama ta cika ta shigo gari ta kwantar da gidaje, daga nan sama ta rufe bakinta. Da yawa cikin waɗanda gidajensu suka rushe suka koma tubalin siminti, suka ce sun gaji da ƙasa. A daji babu ciyawa, a kudu babu hatsi. Ana cikin haka, wata ranar Alhamis a watan Fabrairu rediyo ta bar magana ta kama kiɗan soja, kafin gari ya waye kowa ya san sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Bahago ya ce Allah ya sa alheri ne, ya tafi gyaran indararon wata tsohuwa da ya yi wa alkawari. Karo na huɗu ke nan da ya ji irin wannan kiɗan a rayuwarsa.

Cikin tsakiyar bazara, da hantsi, wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, mai suna Chaibou ya yi sallama a zaure. Daga Dirku yake, kuma abokin Mamman ne, wanda shekara uku ke nan yana tuƙi a Libiya. Shi da wani suka shigo da wani kwali mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, an naɗe shi da bargo biyu an ɗaure da igiya. Sai da suka karkata shi kafin ya wuce kwanar zauren.

"Baba, saƙon Mamman ne," in ji Chaibou. "Tele ce. Ya ce in gaya maka ta fi ƙwai saurin fashewa. Kwana goma sha ɗaya na yi da ita a bayan kujerata, ko ni ban samu wurin miƙe ƙafa ba."

Salamatou, matar Bahago, ta fito daga madafa tana share hannu. Ta dubi kwalin, ta dubi ƙofar ɗakinsu.

"Shi lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Inna. Har ya yi ƙiba."

"To madalla. Amma da buhun shinkafa ya aiko da na fi gane yarensa."

"Akwai shinkafar ma, da taliya, suna cikin mota," in ji Chaibou yana dariya.

Da aka buɗe kwalin, kowa ya matso ya gani. Gidan sun taɓa yin tele, wata ƴar ƙarama mai ƙusumbi a baya, wadda ta mutu shekara biyu da suka wuce aka mai da ita wurin ajiye kwanon goro. Wannan kuwa baƙa ce wul, shafal kamar faifai, faɗinta ya kusa gaba guda. Teburin ɗakin bai ɗauke ta ba. A cikin kwalin akwai wani ƙarfen rataya da ƙusoshi masu murɗi, don haka washegari aka kira Garba mai gyaran rediyo daga kasuwa. Garba ya huda bangon gabas, ya murɗa ƙusoshin, ya ɗan ja ƙarfen don ya gwada ƙarfinsa. Ƙarfen ya biyo hannunsa da guntun bango kamar curin fura.

"Malam Bahago, wannan abin don gidan siminti aka yi shi," in ji Garba. "Bangon ƙasa ba zai riƙe ba. Sai dai a sa kafinta ya yi tebur."

Bahago ya sunkuya. Ya ɗauki guntun ƙasar da ya faɗo, ya murtsuke shi a tafinsa. Kakansa ne ya gina bangon nan, kaurinsa ya fi kamu guda, ya ɗauki rufi shekara tamanin bai tsage ba. A ce wai ba zai riƙe abin da mutum ɗaya ke ɗagawa ba, wannan maganar ta tsaya masa a wuya.

"Ka dawo bayan sati biyu," ya ce.

Aikin yana buƙatar ruwa, ruwa kuwa shi ne abin da babu. Pampon unguwa sai ya kwana biyu bai ɗiga ba, in ya zo kuma bidon kowa, wato jarka, na layi tun asuba. Da Bahago ya ɗauki bido ɗaya zai nufi inda ya tara ƙasa, Salamatou ta tsaya a gabansa.

"Maigida, ruwan da za mu sha za ka shayar da ƙasa?"

"Kaɗan zan ɗiba."

"Kaɗan ɗin magini na san shi. Ajiye."

Ya ajiye. Amma da la'asar ya ga ta kawo wata tsohuwar randa ta girke a gindin bango, ta sa kwano a ƙarƙashin inda suke alwala. Ruwan alwala, ruwan ɗaurayar kwanuka, ruwan wanke shinkafa, duk a randar nan suka riƙa taruwa. Ba ta ce masa don shi take yi ba, shi ma bai tambaya ba. Kwana shida randar ta kai wuya.

Zeinabou, wadda ke koyarwa a lekol ɗin firamare kuma tana aure a wata unguwa, ta zo ta karanta takardar bayanin da ke cikin kwalin. Ta ce an rubuta da Faransanci cewa abin yana son iska ta bayansa, ba ya son rana ta haske shi, kuma tsakiyarsa ta yi daidai da idon mai kallo. Bahago ya tambaya, idon mai zama a kujera ko na mai zama a tabarma? Ta ce ba a faɗa ba. Ya sa Salamatou ta zauna a tabarma inda ta saba zama, ya auna daga ƙasa zuwa idonta da igiya, ya ƙulla.

Ya fafe bangon da hannunsa, sannu a hankali, ya yi gurbi mai zurfin taki ɗaya. A ciki ya binne guntun azarar goruba biyu a kwance, bakinsu ya shige cikin bango hagu da dama, don ƙusoshin su samu itacen kamawa. Sama da ƙasa ya bar ƴan kafofin iska, ya binne bututun roba inda waya za ta bi. Sannan ya zauna ya yi wa gurbin ado a kewaye, irin zanen da yake yi wa ɗakunan amare a da, wanda shekara goma ke nan ba wanda ya nema. Kwana uku ya yi a kan zanen kaɗai. Ranar da ya gama, Salamatou ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo.

"Ni da aka kawo ni gidan nan ba ka yi mini irin wannan ba."

"Lokacin ban iya ba," in ji shi.

Garba ya dawo, ya murɗa ƙusoshin cikin goruba, ya rataya da nauyin jikinsa duka, ƙarfen ko motsi. Ya hau soro zai kafa parabol, faifan kama tashoshi, Bahago ya hana shi huda rufi, ya nuna masa wani dakalin ƙasa da ya riga ya gina a can sama da ƙarfe a tsakiya. Aka jira wuta har azahar. Da ta zo, Garba ya danna telekomand, ɗan abin kunna ta daga nesa, bango ya buɗe.

Tashar ƙasa ce ta fara fitowa, wani hafsan soja yana karanta sanarwa. Faɗinsa ya cika rabin gurbin, kansa kamar ƙwarya, kafaɗunsa kamar rumbu. Bayansa aka nuno wata mai karanta labarai, ita ma haka. Aka nuno awaki a wata kasuwa, kowace kamar ɗan maraƙi.

"Su dai mutanen Yamai fari bai je musu ba," in ji Salamatou. "Har awakinsu."

Sati guda aka yi ana kallon mutane masu faɗi, har maƙwabta suka fara cewa lallai sojoji suna cin daɗi. Sai da Zeinabou ta sake zuwa ta yi dariya har ta zauna. Ta ce hoton tashar ƙasa kusan murabba'i ne, ita kuwa telen mai faɗi ce, shi ya sa take jan mutane kamar danƙo don su cika ta. Ta danna wani maɓalli, hafsan ya koma siriri kamar kowa, amma sai baƙin fili ya bayyana hagu da dama.

"Mayar da shi," in ji Bahago. "Ban fafe bango don in kalli duhu ba."

"Baba, wancan ƙarya ce. Wannan shi ne yadda suke."

Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan cewa labarai za a kalla da gaskiyarsu, kokowa kuwa a bar ta da faɗinta, don Bahago ya ce ɗan kokowa ba ya ƙin ƙarin jiki. Da aka mai da labarai daidai ne suka ga awakin nan ƙasusuwa ne kawai. Sojojin dai, abin da aka yaba musu a ɗakin, sun fito fili sun ce akwai yunwa a ƙasa, maganar da aka daɗe ana tauna ta ba a furtawa. Daga telen nan matan lungun suka riƙa sanin ranar da hatsin tallafi zai iso. Salamatou ta ɗinka mata mayafi da guntun atamfa, ta kafa doka: takalmi a waje, yatsa ba ya taɓa gilashi, in an kira salla a kashe.

A farkon watan Mayu Nomau ya zo. Taubashin Bahago ne, ɗan ƙanwar ubansa, mai lambu a Dabaga. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba. Nomau kan kira shi mai cin tuwo da hannun tsarki, shi kuma ya kira shi bawan albasa. Wannan karon Bahago ya tare shi a zaure ya ce, "Bawan albasa, ubangidan naka ya ƴanta ka?" Nomau ya yi ɗan murmushi kawai ya ce, "Mun same ku lafiya?" A nan Bahago ya san abin ya yi nauyi.

Rijiyar lambun ta ƙafe. Sau biyu suna ƙara mata zurfi, sau biyu yashi yana zubowa ya cike abin da suka haƙa, na biyun har ya kusa binne ɗansa. Raƙumin da ke ja masa guga ya sayar kafin ya mutu a hannunsa. Iyalinsa sun tafi wurin dangin matar a Iferwan, shi ya zo gari wai ko zai samu gadi. Aka ba shi ɗakin Mamman. Yakan ci loma uku ya wanke hannu, ya zauna a kusurwar ɗakin tele yana jan carbi, idonsa a kan gurbin amma ba kallo yake ba.

Wata rana bayan azahar Bahago yana yawo cikin tashoshi, ya faɗa kan wata da ake nuna manoma a wata ƙasa mai duwatsu, cikin yaren da ba wanda ya sani a ɗakin. Ga kunyoyin albasa kore shar. Salamatou ta yi masa ido ya wuce, don kada a fama wa baƙo ciwo. Ya ɗaga telekomand ke nan Nomau ya yi magana.

"Bar shi. Dubi yadda suka cusa ta. Wannan albasar ba za ta yi kai ba."

Bahago ya ajiye telekomand a hankali.

"Kai da ka fi su sani ga ka a ɗakina."

"Ruwa suka fi ni, ba sani ba," in ji Nomau, ya matso gaba.

Can aka nuno mutanen suna aikin rijiya. Sun saukar da wani zobe mai kauri a ƙasan ramin, suna jera dutse a kansa, wani yana haƙa ta ƙarƙashi, ginin yana nitsewa da nauyinsa yana tare yashi. Bahago ya tashi tsaye ya je har gaban gilashin ya ɗora yatsa a kai, abin da dokar Salamatou ta hana. A faɗin nan ana ganin kowane dutse da yadda ya hau kan biyu na ƙasa da shi. Minti biyar ba a yi ba aka koma nuna wata mata tana tatsar akuya. Su biyun suka dubi juna.

"Akwai dutse kusa da lambun?"

"Dutse ne abin da Allah bai hana Dabaga ba."

"Zoben fa, in aka samu kututturen gawo a sassaƙa shi gaɓa-gaɓa a haɗa..."

"Da hannun hagu za ka gina mini rijiya? Ruwan ma ai sai ya gudu."

Salamatou ta tashi ta ɗora shayi. Ranar Nomau ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Suka tafi Dabaga a bayan wata motar kaya, daidai lokacin da aka fara gasar ƙwallon duniya, wadda a shekarar a Afirka ake yin ta. Bahago bai ga ko wasa ɗaya na makonnin farko ba. Ɗakinsa dai ya cika maƙil kowace la'asar, maza har tsakar gida, suna leƙe ta ƙofa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa sai a koma rediyon Garba har ta dawo. Salamatou, wadda ba ta san dokar ƙwallo ba, ita ke riƙe da telekomand, kuma ko ana shirin buga fenariti in ladan ya ɗaga murya sai ta kashe ta saukar da mayafi.

A Dabaga aikin bai zo da sauƙi ba. Zoben farko ya karkace, suka fitar da dutsen duka suka sake. Gwiwoyin Bahago suka kumbura saboda hawa da sauka, har aka koma saukar da shi da igiya a cikin buhu, Nomau yana tsaye a baki yana cewa ga albasa mafi muni da aka taɓa sawa a buhu. Masu lambun da ke kusa suka riƙa zuwa kallo, daga baya suka riƙa miƙo dutse. A rana ta goma sha tara yashin da ake fitowa da shi ya fara yin sanyi a hannu. Kwana biyu bayan haka, a zurfin gaba biyu da rabi ƙasa da inda tsohuwar rijiyar ta tsaya, ruwa ya tsattsafo ya rufe idon sawun mai haƙa. Ba mai yawa ba ne. Ya isa sha, ya isa rayar da dabino shida da kwata ɗin lambun, in an ja da hannu safe da yamma. Nomau ya ɗebo a kwano, ya bari ya kwanta, ya miƙa wa Bahago ya fara sha.

Bahago ya dawo gida ya rame, ya yi baƙi, yana ɗingishi. Ya samu wasannin ƙarshe, ya kalle su a kwance da ƙafa a kan matashi, yawanci barci yana ɗauke shi kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da Mamman ya kira a waya yana tambayar ko telen tana aiki, sai ya ce masa tana aiki, bangon ma yana aiki. Ruwan sama bai sauka sosai ba sai a watan Agusta. Ranar da ƙorama ta taso, mutanen lungun suka bar tele a kunne suka tafi kallon ruwa.

Waɗanda suka yi kallon ƙwallo a ɗakin sun ga gurbin, labarinsa kuma ya zaga. Wani ɗan kasuwa da ya sayo irin telen ya aiko a yi masa, sai wani maƙerin azurfa, sai wani malamin asibiti. Kafin babbar salla Bahago ya fafe bango bakwai, kowane da zanensa daban, kuma a kowane gida sai ya sa uwar gida ta zauna inda ta saba zama ya auna idonta da igiya.

Ta takwas Fulera ce, wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin lungu, wadda ɗanta ke aiki a ma'adinan Arlit. Bahago ya je da igiyarsa da safe, ya duba ɗakin bai ga kwali ba.

"Ina telen, in auna?"

"Babu tukuna. Ka yi shi daidai da naka."

"Fulera, ba a yi wa wanda ba a haifa ba riga."

"Ana yi. Da salla zai zo. In ya shigo ya ga ramin nan a bango da ado a kewaye, ba abin da ke ciki, ai shi ma yana da kunya."

Bahago ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi a wurin aiki ba. Ya ce ta zauna a tabarmarta. Ta zauna ta miƙe wuya, ya ce ta saki jiki kamar yadda take zama kullum, ya auna, ya ƙulla igiyar. Sannan ya tambaye ta ko tana da tsohuwar randa.